Lalle: Kamanninsa, Inda Yake Fitowa, da Abin da Ya Kamata a Sani Kafin a Ƙunsa Shi

Da zarar Sallah ta ƙarato ko an sa ranar biki, masu ƙunshi a Zungeru da Wushishi da Minna sun daina samun sukuni ke nan. Mata da 'yan mata kan yi layi tun da hantsi, wasu su kai dare, kowace na jiran a zana mata hannu da ƙafa. Sai dai da yawa daga cikin masu jiran, musamman 'yan birni, ba su taɓa ganin itacen da ake samun lalle a jikinsa ba. Garinsa kawai suka sani a ƙulle cikin leda, ko kwaɓaɓɓe a cikin 'yar roba mai tsini da ake shigowa da ita daga waje.

Wannan rashin sani yana da illa. A kasuwa a yau akwai abubuwa iri-iri da ake sayarwa da sunan lalle, wasu ko ƙwayar ganyensa babu a cikinsu, wasu kuma an gauraya su da sinadaran da ke ƙona fata. Wanda ya san tsiron da yadda yake aiki zai iya bambance na gaskiya da na jabu, ya san wanda bai kamata a shafa wa ba, kuma in manomi ne ya san inda zai dasa shi ya ci riba.

Kamannin itacen

Lalle ƙaramin itace ne mai yawan rassa. Tsawonsa kan kama daga mita 2 zuwa 6 idan aka bar shi ya girma yadda ya so, amma a inda ake nomansa don ganye ba a barinsa ya wuce ƙugun mutum, domin yawan yanka shi ke sa ya yi ta fitar da sabon toho. Ɓawon gindinsa ruwan toka ne mai sirkin ƙasa-ƙasa. Ɗanyen reshe kuwa kore ne, kuma idan aka murza shi tsakanin yatsu za a ji yana da kusurwa huɗu. Yana daɗa girma yana komawa ja-ja.

Ganyen ƙanana ne masu santsi, ba su da gashi, kowane da ɗan tsini a bakinsa. Tsawonsu daga santimita 1.5 zuwa 5 ne, kuma biyu-biyu suke fitowa suna fuskantar juna a jikin reshe, kusan manne da shi. Furanninsa ma ƙanana ne, farare ko masu sirkin ja, suna fitowa a dunƙule a kan rassa. Kowane fure yana da ɓarayi huɗu da silili takwas masu ɗauke da garin barbara. Ƙamshin furen yana da ƙarfi, ya fi tashi da yamma, kuma sau da yawa shi ke sanar da baƙo cewa akwai lalle a gida tun kafin ya gan shi. Idan furen ya kaɗe sai 'ya'ya su fito, ƙulu-ƙulu, faɗinsu milimita 4 zuwa 8. In sun bushe sukan koma ruwan ƙasa su fashe, kowane ɗauke da ƙwayoyin iri sama da 30.

Masana tsirrai suna kiransa Lawsonia inermis. Masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya raɗa masa sunan a 1753 don girmama abokinsa Isaac Lawson, wani likita ɗan Sikotilan. Kalma ta biyun ta Latin ce, ma'anarta marar makami, wato marar ƙaya. Duk wanda ya taɓa tsinkar ganyen tsohon lalle zai yi mamakin wannan suna, domin ƙananan rassansa kan ƙeƙashe su yi tsini har su soki hannu. Shi ma Linnaeus abin ya rikita shi, har ya ɗauka mai ƙayar wani jinsi ne daban ya ba shi wani suna. Daga baya aka gane itace ɗaya ne: yana ƙarami ba shi da ƙaya, in ya tsufa ko ya sha fari sai ya yi ta. A rabon dangi na kimiyya, lalle da rumman 'yan gida ɗaya ne.

Ta ina ya shigo mana?

Masana da dama na ganin asalin lalle daga yankin da ke tsakanin Iran da Pakistan da yammacin Indiya ne, daga nan ya bazu gabas da yamma tun dubban shekaru. Mutanen Masar na dā sun san shi, an kuma sami alamarsa a gashin wasu gawarwakinsu da aka adana. A Afirka ta Yamma ma tsohon baƙo ne. Malamin nan na Andalus, Al-Bakri, a littafinsa na 1068 ya ambaci yawan itatuwan lalle a Audagust, wani birnin fatauci da kufansa ke cikin Muritaniya ta yau.

Sunan da muke kiransa da shi ma yana nuna hanyar da ya biyo. Larabawa hinna suke cewa, amma Bahaushe bai ari wannan kalma ba. Masana harshe na danganta kalmar lalle da anella ta Buzaye, kuma dangin wannan kalma ne ake ji a bakin maƙwabta: Barebari na cewa nalle, Fulani nalli, Nufawa da Yarbawa kuwa lali. Wannan na nuna cewa ta hanyoyin ayarin Sahara tsiron da sunansa suka gangaro, sannan fatake suka ƙarasa da su kudu.

Zungeru na da ɗan rabo a tarihin rubuta ilimin tsirranmu. Garin ne hedikwatar mulkin Turawa a Arewacin Najeriya daga 1902 har zuwa lokacin da aka mayar da ita Kaduna a 1917. A wannan zamani ne wani likitan gwamnati mai suna John Dalziel, wanda ya fara aiki a Arewa a 1905, ya riƙa tattara tsirrai yana tambayar mutane sunayensu da amfaninsu. A 1916 ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, a 1937 kuma ya fitar da babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Lalle na cikinsu, kuma har yau masu bincike suna komawa ga waɗannan littattafai.

Ƙasar da yake so

Lalle ɗan zafi ne. Ya fi tara launi a ganyensa idan zafin rana ya kai digiri 35 zuwa 45 a ma'aunin Salshiyas. Sanyi ne babban maƙiyinsa: ba ya jin daɗi idan ma'auni ya sauka ƙasa da digiri 11, ƙasa da digiri 5 kuwa yana iya kashe shi. Yana jure fari da busasshiyar iska, yana kuma rayuwa a jigawa da ƙasa mai tsakuwa inda hatsi ba ya yin kirki. A inda yake fitowa da kansa an fi ganinsa a gefen rafuka da kwazazzabai na ƙasashe masu ƙarancin ruwa, inda saiwarsa ke nutsawa ta riski laima. Idan rani ya tsananta sai ya zubar da ganye ya yi kamar ya mutu, ruwan farko na sauka ya sake tohowa.

Wannan hali ne ya sa aka fi saninsa a ƙasashen Sakkwato da Katsina da Kano da Borno da kudancin Jamhuriyar Nijar. Zungeru, wadda ke bakin Kogin Kaduna kimanin kilomita 60 daga Minna, ta fi waɗannan wurare ruwa. Damina a nan kan fara daga Afrilu ko Mayu ta kai Oktoba, kuma ruwan da ake samu a shekara ya haura milimita 1,000. Itacen ba ya ƙin wannan, hasali ma ya fi saurin girma. Zafin da yake buƙata kuwa akwai shi, domin duk wanda ya taɓa yin bazara a Zungeru ya san yadda watannin Maris da Afrilu suke.

Abubuwa biyu ne mai shuka a wannan yanki zai kiyaye. Na farko, kada ya dasa shi a fadamar da ruwa ke kwanciya wata da watanni. Tudu ko gangare mai tsane ruwa ya fi dacewa da shi, kuma a fili inda rana ke dukansa, domin a inuwar manyan itatuwa yakan yi tsawo ne kawai ba tare da ganyen kirki ba. Na biyu, lokacin yanka. Ganyen da aka yanka a tsakiyar Agusta, lokacin marka, da wuya ya bushe bai yi fumfuna ba, kuma ganye mai fumfuna ya tashi daga aiki. Ƙarshen damina, sa'ad da iskar hunturu ta fara kaɗawa, shi ne lokacin da ganye ya cika kuma shanya ba ta wahala.

Shuka da girbi

Ana samun lalle ta hanya biyu, iri ko reshe. Irin yana da taurin ɓawo, saboda haka akan jiƙa shi na 'yan kwanaki ana sauya ruwan har ya kumbura, sannan a yafa a fangali. In ya kai tsawon kamu ɗaya a cire a dasa. Dashen reshe ya fi sauƙi kuma shi matan gida suka fi yi: a yanko reshe mai ƙwari mai gaɓa shida zuwa takwas, a kafa shi a ƙasa mai laima da farkon damina. Idan aka jera su kusa da juna sukan haɗe su zama shinge mai kauri.

Wajen girbi akwai masu tsinkar ganye da hannu, amma a manyan gonaki yanke rassan ake yi gaba ɗaya, a bar kututture kamar taƙi ɗaya daga ƙasa. Inda ake ban ruwa ana iya yanka sau biyu zuwa huɗu a shekara. Inda aka dogara da ruwan sama, sau ɗaya ko biyu. Gonar da aka kula da ita takan shekara fiye da 12 tana bayarwa, wata ma har 25, ba tare da an sake shuka ba.

A inuwa ake shanya shi, a wuri mai iska. Rana tana ƙoɗar da ganyen, tana kuma rage masa ƙarfi. In ya bushe sai a bubbuga rassan ganyen ya zube, a daka a turmi ko a kai inji, a tankaɗe. A nan ne mafi yawan lallen gida ke faɗuwa a kasuwa. Garin da aka tankaɗe sau ɗaya da rariya ya isa ƙunshin gargajiya, amma mai zanen fulawa tana buƙatar gari mai laushi ƙwarai wanda ba zai toshe mata bakin leda ba, sai an tace shi da ƙyalle sau biyu ko uku. Bayan haka a adana shi a rufe, nesa da zafi da haske, domin garin lalle yana tsufa, kuma tsoho ba ya kamu.

Yadda yake kama fata

Mutum zai iya riƙe ɗanyen ganyen lalle wuni guda bai ga ja a hannunsa ba. Dalili shi ne sinadarin da ke ba da launin, wanda masana ke kira lawson, a ɗaure yake a cikin ganyen, sai an farfasa shi an jiƙa sannan ya saku. Yawansa a busasshen ganye bai cika wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba, kuma sabon toho ya fi tsohon ganye yawansa. Ruwa mai ɗan tsami yana taimaka wa sakin nasa, abin da ya sa mata ke kwaɓa lalle da lemun tsami ko ruwan tsamiya, su ajiye shi na wasu sa'o'i kafin a fara ƙunshi.

Idan aka shafa kwaɓin, lawson yakan ratsa saman fata ya manne da wani sinadari mai suna keratin, wanda shi ne ginshiƙin fata da gashi da farce. Ba ya kaiwa ga tsoka ko ƙasan fata, iyakarsa matattun ƙwayoyin da ke sama. Daga wannan bayani ake gane abubuwa da yawa da mata suka daɗe da sani a aikace. Tafin hannu da tafin ƙafa sun fi ko'ina kamu saboda fatarsu ta fi kauri. Ɗumi da laima suna ƙara kamu, shi ya sa ake naɗe ƙafa da ganye da tsumma, ko leda a yanzu, a kwana da shi. Ƙunshi yakan fito ruwan goro da farko, sannan ya yi ta duhu cikin kwana biyu zuwa uku yayin da iska ke taɓa shi. Yakan gushe cikin mako ɗaya zuwa uku domin fatar da ya kama tana saɓulewa a hankali, amma na farce yana nan har sai farcen ya tsiro an yanke shi.

Launin da ganyen lalle ke bayarwa daga ruwan goro ne zuwa ja mai duhu. Ana iya maimaita ƙunshi kwana biyu ko uku a jere har ya yi jawur ya doshi baƙi, amma ganyen shi kaɗai ba ya ba da baƙi wuluk, kuma ba ya kamu cikin minti 20. Wannan ita ce ƙa'idar da mai saye zai riƙe.

Lalle a rayuwar Bahaushe

A ƙasar Hausa ba a rasa lalle a sha'anin aure. Ranar sa lalle ce ke nuna cewa biki ya kankama, kuma idan aka ce yarinya ta shiga lalle kowa ya san an kusa kai ta ɗaki. A wurare da dama ango ma ba ya tsira, sai an kama shi an shafa masa. A dā akwai zunguru, wani dogon duma da mace ke zura hannunta a ciki bayan ta ƙunsa lalle, don kada ya goge ko ya ɓata mata tufafi. Littafin tarihin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, ya bayyana yadda ake waɗannan al'adu a ƙasar Zazzau tun farkon ƙarni na 20. Ban da aure, mai jego takan yi ƙunshi kafin suna, haka nan mata da yara a jajibirin Sallah.

Dattawa kuma suna rina gemu da furfura da shi, suna koyi da abin da ya zo a hadisai ingantattu na sauya launin furfura da lalle. An ruwaito cewa Sayyidina Abubakar, Allah Ya ƙara masa yarda, yana rina nasa da lalle haɗe da wani tsiro da Larabawa ke kira katam.

A watan Disamba na 2024, hukumar UNESCO ta sanya al'adun lalle cikin jerin abubuwan gadon ɗan Adam, a taron da ta yi a birnin Asunsiyon na ƙasar Faraguwai. Ƙasashen Larabawa 16 ne suka gabatar da buƙatar, ciki har da Sudan da Masar da Maroko da Muritaniya. Najeriya da Nijar ba sa cikin jerin, duk da zurfin da al'adar ta yi a cikinsu.

Sauran amfaninsa

A maganin gargajiya ana shafa kwaɓin lalle a tafin ƙafa don rage zafi da raɗaɗi, ana kuma sa shi a kan kaushi da faso da ƙananan raunuka da wasu cututtukan fata. Gwaje-gwajen da aka yi a ɗakunan bincike sun nuna cewa ruwan ganyen yana hana wasu ƙwayoyin cuta da wasu nau'o'in fumfuna yaɗuwa. Sai dai abin da aka gani a kwalbar gwaji bai kai matsayin maganin da aka tabbatar a jikin mutum ba, don haka ciwon da ya yi zurfi, ko gyambon mai ciwon suga, asibiti ya kamata a kai shi. Shan jiƙon ganye ko saiwa ya fi shafawa haɗari, musamman ga mai juna biyu, domin a wasu ƙasashe an san saiwar da zubar da ciki.

Daga furen ake tatso turare, kuma garin Kannauj na Indiya ya yi suna a wannan sana'a. Ganyen yana rina ulu da siliki da fatar dukanci. Itacen yana da tauri da laushin sassaƙa, ana yin ƙananan ƙotoci da turaku da shi. A gona da gida kuwa shingensa yana tare iska, yana riƙe ƙasa a gangare, yana kuma zama iyaka mai ɗorewa tsakanin maƙwabta, wadda ba ta buƙatar sabuntawa kowace shekara kamar dangar kara.

Abin da ake kira baƙin lalle

Tun dā mata suna da hanyar baƙanta ƙunshi. Bayan an wanke jan lalle, sai a shafa gishirin lalle da aka kwaɓa da toka, nan da nan wurin ya yi baƙi. Warin da ke tashi a lokacin na amoniya ne, kuma idan aka bar haɗin ya daɗe yana iya cin fata. Amma baƙin lallen da ya cika gari a yau wani abu ne daban. Mafi yawansa dayis ne, wato garin rinin gashi da ake kwaɓawa da ruwan haidurojin a zana a fata. Abin da ke ba shi baƙi wani sinadari ne da ake taƙaita sunansa da PPD, wanda ba shi da wata dangantaka da itacen lalle.

An yi PPD ne don rina gashi, shi ma da iyaka. Dokar Tarayyar Turai ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 ba a rinin da aka haɗa za a shafa a kai. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ba ta halatta a shafa shi a fata ba. Amma wani bincike da aka buga a 2010 a kan baƙin lallen shagunan kwalliya na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya sami samfurin da ke ɗauke da kusan kashi 30 cikin 100.

Illarsa ba lallai ta bayyana a ranar ba. Mace na iya yin zane ta je biki ta dawo lafiya, sai bayan kwana uku zuwa mako biyu wurin ya fara ƙaiƙayi, ya kumbura, ya yi bororo daidai da siffar zanen. In ya warke yakan bar tabo, fari ko baƙi, wanda kan ɗauki watanni kafin ya ɓace, wani ma ba ya ɓacewa. Abin da ya fi wannan muni shi ne jikin da ya taɓa yin wannan borin ba ya mantawa. Daga ranar, duk lokacin da mai shi ta rina gashi, ko ta haɗu da wasu rinin tufafi da baƙar roba, abin na iya tashi fiye da na farko, har fuska ta kumbura.

Idan kuwa aka haɗiye shi, guba ne mai kisa: yana kumbura maƙogwaro ya toshe numfashi, yana kuma lalata ƙoda. Likitoci a Khartum sun buga rahoto a 1992 a kan yara 31 da aka kawo asibiti tsakanin 1984 da 1989 sakamakon haɗin lalle da PPD. 13 daga cikinsu sun rasu. Saboda haka gidan da ake ajiye dayis, a nisanta shi daga inda hannun yara zai kai.

Mai son gane lallen gaskiya tana da alamomi masu sauƙi. Garinsa kore ne ko kore mai sirkin ƙasa, ƙamshinsa kamar na busasshiyar ciyawa. Kwaɓinsa ba ya warin fetur ko kananzir, ba ya zafi a fata, kuma yana buƙatar sa'o'i kafin ya kama. In na kwali ne ko na roba, a duba lambar rajistar hukumar NAFDAC da jerin abubuwan da aka haɗa shi da su. Wadda ta ji zafi ko ƙaiƙayi ana cikin zane, ta wanke nan take da ruwa da sabulu, in wurin ya tashi ta nemi likita.

A kiyaye jarirai

Ko lallen gaskiya akwai waɗanda bai dace da su ba. Wasu mutane ana haihuwarsu da ƙarancin wani sinadari mai suna G6PD, wanda ke kare jajayen ƙwayoyin jini. Gado ne, ya fi kama maza, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da ya fi yawa a duniya. Akasarin masu shi ba su san suna da shi ba, domin ba ya nuna alama sai jiki ya haɗu da wasu magunguna ko sinadarai, kuma lawson na cikinsu. Fatar jariri siririya ce, tana barin sinadarin ya shiga jini, sai ƙwayoyin jinin su yi ta fashewa. Likitoci a Kuwait da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa sun ba da rahoton jarirai da ƙananan yara da suka shiga wannan hali bayan an shafe su da lalle, har da wanda ya rasa ransa.

Alamominsa su ne shawara, wato ido da fata su yi ɗorawa, da ɗashewar jiki, da fitsari mai duhu, da kasala da ƙin kama nono, yawanci cikin kwana ɗaya zuwa uku. Wanda ya ga haka ya garzaya asibiti, ya kuma faɗa wa likita cewa an sa wa yaron lalle. Mafi aminci shi ne kada a shafa wa jariri lalle ko kaɗan, ko don ado ko don maganin ƙuraje ko cibiya.

Kasuwar da ke jiran manomi

A duniya, Indiya ce ke kan gaba wajen noman lalle, kuma cibiyarsa garin Sojat ne a gundumar Pali ta jihar Rajastan, ƙasa mai fari wadda ba ta kai Zungeru ruwa ba. A 2021 gwamnatin Indiya ta ba lallen Sojat rajistar sunan asali, ta yadda babu wanda zai sayar da na wani wuri da wannan suna. Sudan da Masar da Maroko da Tunisiya da Iran da Yaman da Pakistan duk suna noma shi suna fitarwa. Abin da ya ɗaga Sojat shi ne aikin da ake yi bayan girbi: shanya mai tsafta, niƙa mai laushi, tacewa, da ƙullawa a mazubin da iska ba ta shiga.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin ƙungiyar mata a Zungeru ko Wushishi. Itacen ba ya buƙatar taki mai tsada, ba ya cin fili, kuma ana iya dasa shi a bayan ɗaki ko kewayen gonar da ke kusa da gari. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a Jihar Neja, inda rashin tsaro ya raba manoma da yawa da gonakinsu na nesa a ƙananan hukumomi irin su Rafi da Shiroro, inda kuma tafkin madatsar ruwan Zungeru mai ƙarfin megawat 700 ya sa al'ummomi da dama suka sauya matsuguni suna neman sabuwar madogara. Garin lalle ba ya ruɓewa kamar tumatir, ba shi da nauyin ɗauka, kuma masu sayensa suna nan a kowace unguwa, Sallah biyu a shekara ban da bukukuwa.

Akwai kuma cibiyoyin da aikin ya dace da su. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Neja tana cikin Zungeru, Jami'ar Fasaha ta Tarayya tana Minna, Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa kuma tana Idu a Abuja. Auna yawan lawson a ganyen da aka yanka a watanni daban-daban, da zaɓo irin da ya fi kamu a wannan yanki, da gwada abin da ke cikin baƙin lallen kasuwannin Minna, duk ayyuka ne da ɗalibai da malamansu za su iya yi, kuma sakamakonsu zai amfani manomi da mai ƙunshi da amarya. Kafin nan, duk mai ɗan fili a gida zai iya nemo reshe guda ya kafa idan ruwa ya sauka a watan Mayu. Cikin shekara ɗaya zuwa biyu zai fara tsinkar ganyen da ya san asalinsa.